Shiki: Katun ɗin Japan da ke fama tsohon miki a Kudancin Kaduna

Wanda ya leƙa wayar matashi a Kafanchan ko Zonkwa ko Kwoi, ba abin mamaki ba ne ya tarar da katun ɗin Japan a ciki, irin wanda masu kallonsa ke kira anime. Ko dai Naruto ne, ko One Piece, ko Demon Slayer, an turo daga wayar aboki ko daga shagon masu tura fina-finai. Iyaye da yawa ba sa ko ɗaga kai su duba, don a wurinsu duk abin da aka zana wasan yara ne. Alhali a cikin wannan kasuwa akwai hajar da ba ta yara ba ce ko kusa. Ɗaya daga ciki shi ne Shiki, shiri mai dogon zango da aka nuna a Japan a 2010. Labarin masu shan jini ne, amma duk wanda ya kai ƙarshensa zai shaida cewa abin da mutanen gari suka aikata da hannuwansu ya fi haƙoran masu shan jinin hana barci.

Shiki na cikin labarai mafi ƙarfi da aka zana a kan yadda maƙwabci ke zama makashin maƙwabcinsa. Yana kuma ɗauke da wani aibi da mai kallo a Tokyo zai iya wucewa bai ankara ba, wanda bai kamata ɗan Kudancin Kaduna ya wuce shi ba. Ba yadda za a yi bayanin ƙarfin ko aibin ba tare da an taɓo ƙarshen labarin ba, saboda haka mai son ya kalla kafin a kwance masa ƙulli, ya ajiye wannan rubutu tukuna.

Asalin Shiki littafi ne. Marubuciya Fuyumi Ono, wadda ta yi karatun addinin Buddha a Jami'ar Otani da ke Kyoto, ita ta wallafa shi a 1998 cikin manyan juzu'i biyu, kuma ba ta ɓoye cewa ta ɗora shi a kan tubalin 'Salem's Lot na Stephen King ba, wato littafin 1975 mai labarin masu shan jini a wani ƙaramin garin Amurka. Daga 2007 zuwa 2011 mai zane Ryu Fujisaki ya mayar da shi labarin zane a mujallar Jump Square. A kan zanen nasa kamfanin Daume ya shirya katun ɗin, Tetsuro Amino ya ba da umarni, tashar Fuji TV ta nuna kashi 22 daga Yuli zuwa Disamba na 2010, sannan aka ƙara kashi biyu a faifai a 2011.

Komai ya faru ne a Sotoba, ƙauyen da marubuciyar ta ƙirƙira, mai mutum kusan 1,300, wanda duwatsu da daji suka yi wa ƙawanya. Sana'ar garin ta gado ita ce sassaƙa allunan kabari da akwatunan gawa. A ƙasar da kusan kowa ƙona gawarsa ake yi, mutanen Sotoba binne nasu suke yi, kuma a kan wannan al'ada dukan labarin ya rataya, tunda gawar da ta zama toka ba ta tashi. Ga ɗan birnin Japan wannan baƙuwar ɗabi'a ce ta mutanen ƙauye. Ga Musulmi da Kirista a Kafanchan, waɗanda dukansu kabari suke haƙa wa mamacinsu, abin ya fi kusa da gida.

Cikin wani matsanancin zafi, babbar mota ta shigo da dare ɗauke da kayan iyalin Kirishiki, suka tare a wani katafaren gida irin na Turawa a kan tudu. A daidai wannan lokaci mutuwa ta buɗe baki. An tsinci gawar tsofaffi uku a wata unguwa can cikin daji. Megumi Shimizu, budurwa 'yar shekara 15 mai ƙyamar ƙauye da mafarkin birni, ta hau tudun don ta ga baƙin, ta ɓace, aka same ta yashe a daji babu ƙarfi a jikinta, bayan 'yan kwanaki ta cika. Daga nan jana'iza ta riƙa bin jana'iza.

Ƙarfin shirin na farko haƙuri ne. Takwarorinsa irin su Hellsing da bindiga da feshin jini suke buɗe fage. Shiki da takardar gwajin jini ya fara. Likitan garin, Toshio Ozaki, wanda ya gaji asibitin daga mahaifinsa, yana ta ganin marasa lafiya masu alamu iri ɗaya: ƙarancin jini, kasala, ido a buɗe amma hankali ba ya wurin, da wasu 'yan tabo biyu kamar cizon ƙwaro. Ya ɗauka annoba ce. Ya jera sunayen mamata da ranakun mutuwarsu, ya nemo jami'in lafiya na garin don a kai rahoto sama, ya daina barci, taba ba ta barin bakinsa. Ana nuna kwanan wata a allo, mai kallo na ƙirga gawawwaki tare da shi. Sai da ilimin asibiti ya ƙare masa tas kafin ya yarda ya dubi abin da hankalinsa ke ƙi.

Daren da ya gani da idonsa na cikin wuraren da suka fi tsayawa a rai. Ya kwantar da wata dattijuwa, Setsuko Yasumori, a ɗakin sama na asibitin, shi da amininsa Seishin Muroi, ɗan limamin wurin ibadar Buddha na garin, suka zauna gadi. Can dare ya raba sai ga fuska a jikin taga, a hawa na biyu. Surukar dattijuwar ce, Nao, wadda duk sun san ta mutu an binne ta. Babu kururuwa, babu dodo mai ƙaho. Matar gida ce da kowa ya sani, ta zo neman uwar mijinta.

Wannan shi ne ƙarfi na biyu, kuma shi ya raba Shiki da sauran. Masu shan jinin ba daga wata duniya suka faɗo ba, 'ya'yan gari ne. Dokokinsu a bayyane suke: ba sa shiga gida sai an gayyace su, wanda suka ciza yakan zama raƙumi da akala a hannunsu, bayan 'yan darare ya mutu, kuma cikin mamatan kaɗan ne ke tashi. Wanda ya tashi yana tashi da tunaninsa, da soyayyarsa, da kunyarsa, sai dai an ƙara masa wata yunwa da ba ta jin magani, rana kuma na ƙona shi. Da wa zai fara? Da wanda zai buɗe masa ƙofa, wato danginsa.

Nao ta bi iyalinta ɗaya bayan ɗaya, mijinta da ɗanta da surukanta, da fatan za su tashi su sake zama gida guda. Ko ɗaya bai tashi ba. Tohru Mutou, saurayi mai fara'a da kowa ke so, an tura shi ya ciji amininsa Natsuno. Yana zuwa yana kuka, yana ajiye fure a ƙarƙashin tagarsa, gobe kuma ya dawo. Ritsuko, ma'aikaciyar jinya, ta tashi ta ce ba za ta sha jinin kowa ba. Aka kulle ta ɗaki ɗaya da abokiyar aikinta mai rai don yunwa ta karya ta, ta ƙi karyewa. Mutum uku, ƙaddara ɗaya, zaɓi uku, kuma shirin bai tsaya yi wa kowa wa'azi a kansu ba.

Akwai kuma wayon da iyalin Kirishiki suka yi, wanda ya fi cizon kansa ban tsoro. Ba gidaje kawai suka kama ba, hukuma suka kama. Ɗan sandan garin ya mutu aka kawo nasu. Jami'in lafiya ya ɓace da takardunsa. Ofishin gari ya koma aikin dare. Motocin kwasar kaya na zuwa cikin duhu, gari ya waye a ce iyalin wane sun ƙaura. Ranar da likita ya je duba rajista, sai ya tarar a takarda babu wanda ya mutu a Sotoba. A yankin da ko adadin mamata sai an yi jayayya a kansa bayan kowane hari, wannan fage ba ya buƙatar dogon sharhi.

Sai labarin ya juya, kuma a nan ne Shiki ya ci sunansa. A kashi na 14 matar likitan, Kyoko, ta mutu da irin wannan ciwo. Bai sanar da kowa ba. Ya lulluɓe gawar da ƙanƙara ya zauna jira, da ta tashi ya ɗaure ta a gadon tiyata, ya kunna kyamara, ya shiga gwada abin da zai kashe ta. Ya yi mata allurar guba, ya yanka, ya jira ciwon ya haɗe, ya sake wani gwajin, yana bayani cikin natsuwa kamar mai koyar da ɗalibai. Ita kuwa tana kallonsa, ta san shi, tana jin komai. Daga ƙarshe ya ɗauko turke da guduma. Seishin ya shigo ya tarar da ɗakin, ya juya ya fita, abotarsu ta ƙare a nan. Mai kallo ya san likitan na neman ceton gari ne, ya kuma san abin da idonsa ya gani ba shi da wani suna sai azabtarwa. Shirin ya bar shi da duka biyun a hannu.

A kashi na 18 likitan ya yaudari Chizuru Kirishiki ya kai ta bikin gari, ya sa aka taɓa ta a gaban jama'a aka ji jiki sanyi ƙalau, babu bugun zuciya. Mahaifin Megumi ya gane ƙanshin turarenta daga ɗakin 'yarsa. Nan take aka kafa mata turke. Kafin gari ya waye, mutanen da suka shafe watanni suna musun abin da ke gabansu sun zama runduna.

Abin da ya biyo baya an zana shi da sanin halin ɗan Adam. An fara da shawarar cewa kada a sanar da hukuma, a gama komai a cikin gida. Da rana, lokacin da matattun ke barcin da ba sa iya farkawa, ana ɓalle daɓen ɗakuna ana jawo su. Mutum na farko hannunsa na rawa, na goma ko a jikinsa. Tomio Ookawa, mai shagon giya, ya kashe ɗansa na cikinsa yana ganin ya wanke sunan gida. Mata na jera gawawwaki kamar itacen girki, su zauna a gefe su ci curin shinkafa da jini a yatsunsu suna hira. Da aka ƙare da matattu sai aka waiwayi masu rai: wanda aka ciza, wanda ake zargin ya ɓoye wani, har mahaifiyar Seishin da ma'aikatan wurin ibada, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Megumi, wadda duk burinta ta ga birni, a gona aka rutsa ta da taraktoci, mutanen da suka san ta tun tana goye suka bi ta kanta.

Kiɗan Yasuharu Takanashi, wanda masu kallon Naruto Shippuden suka san hannunsa, ya taimaka ƙwarai. A inda wani zai buga gangar nasara, shi muryoyin mata ya sa masu kama da makoki, ko wane ɓangare ne ke mutuwa.

Mutumin Kudancin Kaduna ba ya buƙatar tafinta a nan. A watan Maris na 1987 saɓani a wani taron wa'azi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya zama wutar da ta ci har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A 1992 gardama kan sauya wa kasuwa matsuguni a Zangon Kataf ta ɓarke a Fabrairu, ta dawo da muni a Mayu. A 1999 Kafanchan ta sake rikicewa kan naɗin Sarkin Jama'a. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe fiye da mutum 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa 12. An ƙona coci-coci da masallatai, Zonkwa da Matsirga da Kafanchan na cikin wuraren da abin ya yi ƙamari, babbar kasuwar Kafanchan ta ƙone. Abin da yakan fi ci wa waɗanda suka tsira rai, ko daga wane ɓangare suke, shi ne sau da yawa sun san fuskar wanda ya zo. Shiki ya fahimci cewa irin wannan kisa ba ya buƙatar mugaye na musamman. Tsoro ya isa, da baƙin cikin rashi, da wani mai faɗa a ji da zai ce yau dai an halatta.

To, ina raunin?

Akwai na sana'a, waɗanda kowane mai kallo zai gani. Kashin farko-farko na tafiyar hawainiya, kuma mai kallo ya riga likita gane bakin zaren da nisa, har ya gaji da jiran ya iso. Mutanen labarin sun yi yawa. Wani ba a gama riƙe sunansa ba an riga an binne shi, mutuwarsa ba ta taɓa kowa ba. Zanen Fujisaki kuwa yana faɗa da labarin: gashi ruwan hoda da shuɗi da kore, wani ya miƙe kamar ƙaho, wani ya naɗe kamar igiya, tufafi irin na masu rawa a dandali, duk a ƙauyen manoma da masassaƙa. Sau da yawa ana tsakiyar makoki sai kan wani ya ba mutum dariya. Sannan ga Natsuno, wanda aka gabatar kamar shi ne jarumi. A littafin Ono ya mutu bai tashi ba. Zanen da katun ɗin suka dawo da shi da wani ƙarfi na daban, ya ɓace tsawon kashi da dama, ya bayyana daidai inda labari ya cije don ya warware shi. Wannan sauƙaƙa wa kai ne, kuma ya rage wa labarin nauyi.

Duk waɗannan ƙanana ne idan aka gwada su da babban aibin, wanda ke cikin ƙashin labarin. A Sotoba akwai wata mata, Ikumi Itou, mai duba da sayar da layu, wadda tun da wuri ta ce baƙin kan tudu ne ke cinye mutane. Ba ta da wata hujja sai cewa baƙi ne kuma ba a cika ganinsu da rana ba. Ta tara jama'a ta ja su har ƙofar gidan Kirishiki. Maigidan, Seishirou, wanda shi mutum ne mai rai, ya fito da rana tsaka, likita ya duba bugun jininsa ya ce lafiya lau, jama'a suka watse suna yi mata dariya. Amma mai kallo ya riga ya san ita ke da gaskiya. Darasin da ke kwance a ƙarƙashin fagen shi ne, mai zargi ba hujja ta hango daidai, masu cewa a bi a hankali su suka jawo wa gari asara, kuma da an fasa ƙofar tun ranar da an tsira da rayuka.

A duniyar gaske abin akasin haka yake tafiya. A Yulin 2023 labari ya bazu cewa wata baƙuwar cuta na ɗaukar yara a Kafanchan, da ciwon maƙogwaro da sarƙewar numfashi. Da aka bincika, gwamnatin jihar Kaduna ta tabbatar mashaƙo ce, cuta mai rigakafi kuma mai magani. A 2010, shekarar da aka nuna Shiki, yara na ta mutuwa a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma ba a san dalili ba, sai da likitocin ƙungiyar MSF da abokan aikinsu suka gano gubar dalma ce daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Aƙalla yara 400 suka rasu. A duka biyun amsar a ɗakin gwaji take, inda likitan Sotoba ya nema ya rasa.

Inda kuwa aka bi hanyar Ikumi, an ga sakamako. A 2017 jita-jitar masu shan jini ta mamaye gundumomin Mulanje da Phalombe a kudancin Malawi. Gungun jama'a suka tare hanyoyi, suka kashe mutane da dama, har da wani mai ciwon farfaɗiya a Blantyre. Majalisar Ɗinkin Duniya ta janye ma'aikatanta daga yankin, 'yan sanda suka kama fiye da mutum ɗari. Ba a samu mai shan jini ko ɗaya ba. A nan gida ma ba baƙon abu ba ne yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, ya ambaci sunan wata tsohuwa cikin magagi, a ce mayya ce ta kama masa kurwa, a jawo ta a tilasta mata ta tsallaka shi, wani lokaci a haɗa mata da duka. Labarin da ke gaya wa matashi cewa irin wannan zargi yakan zama gaskiya, kuma jinkiri ne kuskure, yana wasa da wuta a inda akwai busasshiyar ciyawa.

Rauni na biyu ɗan'uwan na farko ne: masifar daga baƙo ta zo. Gaskiya ne Ono ba ta raga wa Sotoba ba. Ta nuna tsofaffin da ke yini a bakin shago suna tsegumin duk wanda ya wuce, ta nuna yadda garin ke shaƙe matasansa, yake kuma kallon iyalin Natsuno, da suka zo daga birni, a matsayin bare. Duk da haka ginshiƙin labarin bai sauya ba: gari na zaune lafiya, wasu suka shigo da dare da shirin ƙwace shi su mai da shi nasu. A yankin da maganar ɗan ƙasa da baƙo ta ci rayuka, kowane ɓangare zai iya zama a gaban allo ya ga kansa a cikin mutanen Sotoba, ya ga ɗaya ɓangaren a kan tudu. Kafanchan kuwa ba Sotoba ba ce. Tun 1927 mahaɗar jirgin ƙasa ce, inda layin da ya taso daga Fatakwal ke rabuwa zuwa Kaduna da Jos, kuma da wannan mahaɗa garin ya girma: Fantswam da Kaninkon da Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro, da Hausawa da Fulani, da Ibo da Yarabawa da aikin reluwe da kasuwanci suka kawo. Madubin Sotoba ba ya iya ɗaukar hoton irin wannan gari.

Na uku, shirin ya toshe kowace hanya sai ta kisa. Shi da kansa ya nuna cizo ɗaya ba ya kashewa sai an yi ta komawa, ya kuma nuna ƙarin jini na farfaɗo da wanda aka ciza. Ke nan akwai ƙofar da za a iya ƙwanƙwasawa. Ban da tayin da Natsuno ya yi wa Tohru na su nemi mafita tare, wanda yunwa ta rusa nan da nan, babu wanda ya zauna ya gwada. Wanda ya kamata ya zama muryar lamiri, Seishin, ya shafe shirin yana rubuta littafi a kan ɗan Annabi Adamu da ya kashe ɗan'uwansa Habila, wato Ƙabila, ko Kayinu a bakin masu karanta Littafi Mai Tsarki. Yana ta tattauna ma'anar zunubi da Sunako, shugabar masu shan jinin, mai siffar ƙaramar yarinya alhali ta haura shekara ɗari, mabiyansa kuwa na mutuwa gida-gida bai gargaɗi kowa ba. A ƙarshe ya kashe Ookawa, ya saka Sunako a akwati ya gudu da ita. Wadda ta tsara hallaka gari guda ta tsira, su Megumi da Tohru da aka jefa cikin abin ba da son ransu ba suka mutu. A ce haka duniya take, masu kitsa fitina su sha, 'yan aike su biya, babu musu. Amma shirin bai gabatar da shi a matsayin zalunci ba. Ya lulluɓe shi da kiɗa mai taushi da hawayen yarinya, yana neman a tausaya mata.

Sai kuma wutar ƙarshe. Wata uwa da ta rasa iyalinta duka, hankalinta ya gushe, ta cinna wa daji wuta, wutar ta cinye Sotoba da gawawwakin da shaidun. Waɗanda suka rage suka hau motoci kowa ya kama gabansa. Babu kotu, babu kwamitin bincike, babu wanda zai haɗu da wanda ya kashe masa ɗa a layin famfo. Marubuciyar ta kuɓutar da kanta daga tambaya mafi wuya, wadda ita ce tambayar Kudancin Kaduna ta yau da kullum. A nan gari ba ya ƙonewa ya ɓace. Ranar da aka ɗage dokar hana fita, mai citta da mai nono da mai tireda kasuwa ɗaya za su koma. A ranar 23 ga Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Kachia da Sanga da Zangon Kataf suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, bayan zaman sulhu da cibiyar Centre for Humanitarian Dialogue ta Geneva ta shirya. Kafin shekarar ta ƙare an sake zubar da jini a Godogodo da Goska. Aiki ne mai cin rai, yau a ci gaba gobe a koma baya, kuma babu ko mutum ɗaya a Sotoba da aka rubuta don ya yi irinsa. Marubutan yankin da masu shirya fina-finai a Kaduna da Jos da Kano suna zaune a kan wannan labari, kuma sun fi kowa saninsa.

Shiki ya cancanci kallo, amma na manya ne, kuma ba a bar wa yaro shi a waya don kawai an ga zane. Wanda ya taɓa ganin irin waɗannan ranaku da idonsa ya yi tunani kafin ya kunna kashin ƙarshe-ƙarshe. Mai niyyar kallo ya nemi kashi biyun da aka ƙara a 2011, ya sa ɗaya bayan na 20, ɗaya bayan na 21, domin a cikinsu ne aka fi nuna farautar daga idon talakan gari. A na farkon, an jawo su Nao daga cikin bututun ruwa inda suka ɓuya, aka ɗaure su a fili aka bar wa rana ta gasa su a hankali. Hasegawa, mai shagon kofi, wanda ya shiga farautar tare da kowa, ya kasa jure ihun, ya ɗauki turke ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ƙarasa su, sauran mazan na tsaye suna kallonsa. Iyakar jinƙan da shirin ya iya hangowa ke nan a cikin kashi 24, a gaggauta wa maƙwabci mutuwarsa, kuma ya yi kaɗan ƙwarai ga mutanen da dole su ci gaba da zama gari ɗaya bayan an binne mamata.